Allo Ya Ƙi Kawo Hoto: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Wayar HDMI da 'Yan'uwanta

Da zarar kaka ta kama, aka fara auna masara da waken suya a kasuwar Ɗandume, motocin auduga suka fara shiga Funtuwa da Malumfashi, sai kuɗi su shiga hannun jama'a, mu kuma masu gyaran kwamfuta aiki ya taso mana. Mai shagon taki da maganin feshi yana son ya daina rubuta bashi a littafi. Mai makaranta yana son ɗakin kwamfuta, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, iyaye kuma suna son yaransu su saba da linzami kafin ranar. Mai gidan kallon ƙwallo yana son ƙarin talabijin. Yawancin kayan tokumbo ne, daga titin Beirut a Kano ko daga Legas. A kawo su, a jona, a kunna: fanka na juyawa, fitila na ci, allo kuwa baƙi ƙirin.

Ƙannena masu koyon wannan sana'a, a nan ne nake ganin kuna maimaita kuskure iri ɗaya. Wani ya ce Windows ce ta lalace, ya goge komai har da lissafin mai shago na shekara guda. Wani ya tura mai kaya ya sayo sabuwar waya, ta ƙi, ya sake tura shi. Wani ya ce allo ya mutu, ya ɗauko sukudireba. Duk wannan kafin a san inda matsalar take. Manomin rani idan ruwa bai iso fangalinsa ba, ba ya sayen sabon inji. Yana duba mai, ya duba bakin tiyo a cikin ruwa, ya bi tiyon gaɓa-gaɓa har ya ga inda ya lanƙwashe. Haka za ka bi hoto: daga wuta, zuwa allo, zuwa rami, zuwa waya, sannan kwamfuta. Kuma abu ɗaya kawai za ka riƙa canzawa a kowane gwaji. In ka canza waya da allo tare hoto ya zo, ba ka san wanne ne mai laifi ba, gobe kuma za a sake kiranka.

Ka fara sanin abin da ya bambanta waɗannan wayoyi da tsohuwar VGA mai shuɗin kai da ƙusoshi 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Ita VGA idan ta fara gajiya hoto yakan yi inuwa, ko ya koma ruwan ɗorawa, amma dai kana ganin wani abu. DVI da ta zo a 1999, da HDMI da aka tsara a ƙarshen 2002, da DisplayPort ta 2006, lambobi suke aikawa. Yawanci ko saƙo ya isa daidai hoto ya fito tas, ko ya gaza allo ya ɗauke. Sannan kafin hoto ya fito, sai allo ya aika wa kwamfuta bayanin kansa: sunansa da girman hoton da zai iya ɗauka. Wannan bayani shi ake kira EDID, kuma ta wasu 'yan siraran wayoyi na daban yake bi a cikin kebul ɗin. Ƙusa ɗaya daga cikin 19 na HDMI ta lanƙwashe, kwamfuta tana iya zama kamar ba a jona mata komai ba.

Kayan da za ka riƙe

Mafi muhimmanci shi ne gajeriyar wayar HDMI, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, wadda ka gwada da kanka ka tabbatar tana aiki. Ka ɗaura mata alama, kada ka sayar da ita ko an matsa maka. Ka haɗa da wayar DisplayPort da ta VGA, da wayar wuta mai baki uku, da adafta daga DisplayPort zuwa HDMI, da ta HDMI zuwa VGA. Sai tocila mai haske sosai, burushi mai laushi, abin hura iska, tasta, da mitar auna wuta. In da hali, ka samu ƙaramin allo mai lafiya da za ka iya ɗaurewa a bayan babur.

Gargaɗi kafin ka taɓa komai

Waɗanda suka ƙera HDMI sun tsara ta yadda za a iya soka ta ko cire ta na'ura tana kunne. Amma sun yi lissafin gidan da ke da wayar ƙasa, wato wadda mai wayarin ke haɗawa da ƙarfen da aka binne. Shaguna da yawa a yankinmu ba su da ita, balle idan ana kan janareta. A irin wannan wuri jikin ƙarfen kwamfuta ko na dikoda yakan ɗauki wuta kaɗan, ita ce kake ji tana ɗan cizonka in ka taɓa bakin waya, tasta ma takan yi ja a kai. Hannunka zai jure, amma ƙaramin sashen da ke bayan ramin HDMI da 'yar wuta ƙalilan yake aiki, tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone shi. Saboda haka ka kashe na'urorin biyu daga soket, ka jona wayar hoto, sannan ka kunna. In kuwa wutar ta fizge ka da ƙarfi, ka tsaya nan, a kira mai wayarin kafin a ci gaba.

1. Tabbatar allo yana samun wuta

Dubi ƙaramar fitilar da ke gaban allo ko ƙarƙashinsa. In ba ta ci ko kaɗan, babu ruwan wayar hoto tukuna. Canza soket, ka cire shi daga doguwar ekstenshan da bakinta ya saki, ka gwada wayar wutarka. Allon da ke amfani da caja ta waje yana bukatar kulawa: wasu bolt 12 suke ci, wasu 14, wasu 19, kuma a kayan tokumbo cajoji kan cakuɗe a kwali. Karanta takardar da ke manne a bayan allo, ka karanta ta jikin caja, ka auna da mita. Shigar bakin caja cikin rami ba ya nufin tata ce.

In fitila na ci amma ruwan lemo ce ko tana ƙiftawa, albishir ne: allo yana da rai, saƙo yake jira.

2. Gwada allo shi kaɗai

Cire wayar hoto gaba ɗaya, ka kunna allo, ka danna maɓallin saitinsa. In akwatin saiti ya fito sarai, ko ya rubuta "No Signal" yana yawo, to gilashi da fitilunsa lafiya lau. Wannan gwaji na minti ɗaya ya ceci alluna da yawa daga sukudireba.

In fitilar gaba ta nuna a kunne yake amma babu komai, rufe ƙofar shago, ka kashe ƙwai, ka kawo tocila dab da gilashin a karkace. Kalli wurin da hasken ya sauka da kyau. Wani lokaci za ka ga rubutu dishi-dishi a can ciki, in ka mayar da wayar hoto har ka ga kibiyar linzami tana motsi. Ma'ana hoto yana zuwa, fitilun da ke haska shi daga baya ne suka mutu, ko sashen da ke ba su wuta. Sabuwar waya ba za ta yi komai a nan ba.

3. Zaɓi mashigar da ta dace

Talabijin mai ramukan HDMI uku ba ya sanin wanne ka soka sai ka gaya masa. Danna maɓallin da aka rubuta "Source" ko "Input", ka zaɓi lambar da ke rubuce a gefen ramin. Tsofaffin alluna da suka yi shekaru kan VGA a wani ofis a Turai sukan zo a kafe a kanta. Bayan kowane zaɓi ka jira daƙiƙa biyar zuwa goma.

4. Duba ramin da ka soka

A nan aka fi yin ɓarna. Yawancin ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake kawo mana, DisplayPort gare su, wasu ba su da HDMI sam. Daga nesa ramukan biyu sun yi kama. Haska tocila ka duba: ramin HDMI kusurwoyinsa biyu na ƙasa ne a yanke, na DisplayPort kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, kuma ya ɗan fi faɗi. Wanda ya tura HDMI cikin DisplayPort da ƙarfi zai karya ɗan harshen da ke tsakiya. Sannan kan wayar DisplayPort sau da yawa yana da haƙora biyu da ke kamawa, da wuri mai laushi a bayansa da za ka danna kafin ka ja. Na ga kwamfutocin da aka fizge wa rami ɗungurungum saboda ba a san da wannan maɓalli ba, kuma abin yana ɓata mini rai, domin inji mai lafiya ne aka nakasa a banza.

In kwamfutar tana da katin hoto na daban, ramukansa suna can ƙasa a kwance, su za ka soka wa. Na sama da ke kusa da ramukan USB yawanci sukan daina aiki da zarar an sa kati.

Ramin HDMI na laftof kuwa fitar da hoto yake yi, ba ya karɓa. Masu son su jona dikoda a laftof su kalli wasan Firimiya suna ta tambayata wannan. Ba zai yiwu da waya kaɗai ba.

5. Tsaftace, sannan ka musanya waya

Ƙurar hunturu ba ta barin kowane rami, kuma shagon da ke kusa da inda ake loda auduga ko sussukar masara yana samun ƙari. Leƙa cikin ramin da tocila, za ka ga gashin auduga ya dunƙule da jar ƙasa a can ƙurya, ya hana kan waya shiga har ƙarshe. Da damina kuma zanzaro kan yi gini a ramin da aka bari a buɗe. Cire wuta, ka hura iska, ka share da burushi. Kada ka sa allura ko tsinken ƙarfe, kada ka hura da baki saboda danshi.

Daga nan ka sa wayarka mai alama. In hoto ya zo, an gama, wayar mai kaya ce. Yawanci a wuya take karyewa, dab da kai, inda aka matse talabijin da bango.

Alamomin wayar da ke gab da gazawa su ne fararen ɗigogi masu walƙiya a wuraren duhu na hoto, ko allo ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo, ko launi ya rikiɗe ya koma kore ko ruwan hoda. Tsawo yana da hannu a ciki. Har mita biyar da wuya ka samu damuwa. Daga mita goma zuwa sama sai waya mai kauri da inganci, in kuma za ka kai hoto ƙarshen babban zauren kallo ko majigin makaranta, gara ka yi amfani da akwatunan nan biyu da ke tura HDMI ta wayar intanet, ko wayar da ke aiki da haske. Ita wannan tana da gaba da baya: kan da aka rubuta "Source" na kwamfuta ne, mai "Display" na allo. In ka juya ta, shiru za ka ji. Nauyin hoton ma yana da tasiri. HDMI 1.4 ta 2009 tana ɗaukar hoton 4K sau 30 ne kawai a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ta 2013 ta kai shi 60. Don haka wayar da ta yi aiki a ƙaramin allo tana iya gazawa a sabon babban talabijin. Araha ba ta ado, amma kuma kada a ruɗe ka da kai mai ruwan zinare. A gajeren tsawo, duk wayar da ta kawo hoto ba tare da ɗigogi ba ta yi aikinta cif.

6. Adafta tana da alƙibla

Wannan shi ne darasin da ya fi wuyar shiga kan sabon yaro, domin yana ganin tunda baki ya shiga baki, dole hoto ya wuce.

Wayar DisplayPort zuwa HDMI hanya ɗaya take bi: DisplayPort a jikin kwamfuta, HDMI a jikin allo. Kuma mai arahar tana dogara ne da kwamfutar ta iya sauya saƙon da kanta, abin da ake nunawa da alamar DP++ a gefen rami. In laftof ɗinka HDMI gare shi, allon kuma DisplayPort, wannan waya ba za ta yi ba, sai wata na'urar sauyi ta daban wadda yawanci ke jan wuta daga USB.

Haka HDMI zuwa VGA. Dole akwai ƙaramin sashe a ciki da ke juya lambobi zuwa irin saƙon VGA, kuma ba ya aiki a juye. Wasu kwamfutocin ba sa ba shi isasshiyar wuta ta ramin HDMI, shi ya sa ake yi wa wasu adaftocin ƙaramin ramin caji a gefe. In ka gan shi, jona masa wuta kafin ka yanke hukunci.

DVI kuma iri-iri ce. Dubi ɗan faffaɗan tsagin da ke gefe ɗaya na ramin. In akwai ƙananan ramuka huɗu kewaye da shi, DVI-I ce, tana iya ba VGA hoto da ƙaramin kai mai sauƙi. In babu su, DVI-D ce, wannan kan ba zai taɓa aiki ba. Tsakanin DVI da HDMI kuwa babu wahala, saƙonsu iri ɗaya ne, waya tana aiki ta kowane ɓangare, sai dai kada ka sa ran sauti.

Sababbin laftof masu USB-C: ba kowane rami ke fitar da hoto ba, kuma wayar cajin salula sau da yawa ba ta ɗaukarsa. Nemi alamar D ko ta walƙiya a gefen ramin.

7. Yanzu ne za ka juya kan kwamfuta

Kunna ta, idonka a kan allo tun daga daƙiƙar farko. Tambaya ɗaya ce: tambarin kamfanin da ya ƙera ta ya fito ko bai fito ba?

In bai fito ba, kuma ka riga ka tabbatar allo da waya lafiya suke, to kwamfutar ce ba ta tashi ba. Saurari ƙarar "ƙit-ƙit" ko ka duba ko fitilarta na ƙiftawa da wani tsari. Cire wuta, ka danne maɓallin kunnawa na rabin minti, ka buɗe murfi. Taɓa jikin ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa jiki tara wutar da ke kashe ƙananan sassa. Cire RAM, ka share ramin, ka mayar har ka ji ta kama ta ɓangarorin biyu. Injin da ya sha girgiza a mota daga Kano ta Gwarzo da Dayi, sau da yawa abin da ke damunsa ke nan.

In tambari ya fito sannan allo ya ɗauke, matsalar tana cikin Windows, kuma ba ta kai ga gogewa ba. Danna maɓallin Windows tare da P. Zaɓi huɗu ne: allon kwamfuta kaɗai, hoto iri ɗaya a duka biyu, faɗaɗawa, ko allo na biyu kaɗai. Malamai da yawa sukan kira ni cewa majigi yana nuna hoton bango kawai babu rubutun darasi. Yana kan faɗaɗawa ne, a mayar da shi zaɓi na biyu. A Windows 10 da 11, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da manhajar hoto, za ka ji 'yar ƙara allo ya ƙifta.

Idan allo ya rubuta "Out of Range", an tura masa hoton da ya fi ƙarfinsa ne. Jona allonka mai lafiya, ka rage girman hoto da saurin sabuntawa zuwa 60, ka mayar da na mai kaya. In babu allo na biyu, katse tashin Windows da maɓallin wuta sau biyu zuwa uku har ta shiga shafin gyara, ka je saitin tashi: lamba 3 tana tayar da ita da ƙaramin hoto, lamba 4 da yanayin kariya, inda za ka cire direban hoton da ya rikice ka sa na ainihi daga shafin kamfanin.

8. Hoto ya zo, amma ba daidai ba

Kowane allo yana da adadin ɗigogin da aka ƙera shi da su, kuma a kansu kaɗai rubutu ke fita tsaf. Masu kama da murabba'i na inci 17 da 19 yawanci 1280×1024 ne, faffaɗan inci 19 kuma 1440×900 ko 1366×768, na inci 22 zuwa 24 galibi 1920×1080. In fuskar mutum ta baje ko rubutu ya yi hazo, nan za ka duba. Ga ɗalibin da zai zauna awa biyu yana karanta tambayoyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In rubutu ya yi ƙanana, ƙara girman rubutun, kada ka rage na hoton.

A talabijin, in gefen hoto ya yanke har sandar ƙasa ta ɓace, shiga saitin girman hoto na talabijin ɗin: LG na kiransa "Just Scan", Samsung "Screen Fit". In baƙi ya koma toka-toka, kwamfuta ta ɗauki allon a matsayin talabijin tana aika launi daga 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255, sai ka gyara a saitin katin hoto. In sauti ya ɓace da ka sa HDMI, Windows ta mayar da shi allon da ba shi da lasifika, danna alamar sauti ka zaɓi na da. In komai na fita amma fim ko tashar dikoda ta ƙi, kariyar hana kwafi ce mai suna HDCP, kuma akwatunan raba hoto masu araha a gidajen kallo su suka fi jawo ta. Gwada jona talabijin ɗaya kai tsaye ka gani.

Akwai kuma ɗaukewar da ke zuwa daidai lokacin da firiji ya tashi, ko maƙwabci mai walda ko injin niƙa ya kunna. Wannan daga wuta ce. Raba soket ɗin kwamfuta da na firiji, ka nisanta wayar hoto da wayoyin wuta, ka sa UPS ko sitabilaiza. Yayin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, a kashe kayan tukuna, a bar inji ya daidaita.

9. In rami ya ƙone

Idan allo yana aiki ta VGA ko ta HDMI 2, amma HDMI 1 ya ƙi da kowace waya da kowace kwamfuta, ramin ya tafi. An fi ganin haka bayan ruwan sama mai tsawa, domin wutar takan biyo wayar dish ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta shiga talabijin. Kashe soket kaɗai ba ya hana wannan, sai an zare wayar dish da ta HDMI da zarar hadari ya haɗo. Gaya wa mai kaya gaskiya, ka manne ramin da ya mutu da salatif, ka koma da shi kan mai rai. Canza ramin ko sashen da ke bayansa aiki ne na mai injin zafi da madubin ƙara girma. Haka ma allon da gwajin tocila ya nuna fitilunsa sun mutu: babban kafasitan da ke sashen wutarsa yana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare shi daga soket. In ba a koya maka sauke wannan wuta ba, kada ka buɗe. Rubuta gwaje-gwajen da ka yi da abin da kowanne ya nuna a takarda, ka manna a bayan allon, ka kai wa mai gyaran talabijin.